Baƙin da ke Ƙarƙashin Ɓawon Gahawa

Mukono, Uganda
2 ga Yuni, 2001

Ƙanwata Misku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Tamam da yara. Yaya ƙafar Baba? Ki gaishe shi, ki ce masa ɗan nan nasa da gwamnati ta tura koyon noman gahawa "wurin waɗanda ba su kai mu iyawa ba" ya sauka lafiya. Mutanen nan ayaba ce abincinsu safe da yamma, har na fara mafarkin buddenarki, gurasar nan tamu mai tsami, da miyar wake.

Iyakar abin da za ki karanta wa Baba ke nan. Daga nan zuwa ƙasa naki ne ke kaɗai.

Makon jiya malamanmu suka fita da mu ƙauyuka. Misku, na ga abin da ban taɓa gani ba. Tudu guda cur na gahawa a tsaye, babu ganye ko ɗaya, a tsakiyar damina. Tsohuwar da ke da gonar ta ce shekara huɗu da suka wuce bishiya biyu ce kawai ta bushe mata, ta zaci gara ce. Malaminmu ya sa wuƙa ya ɗaye ɓawon wata da ba ta gama mutuwa ba, sai ga jikin itacen ya yi baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar an zuba tawada. Cuta ce da ke toshe wa bishiya hanyar ruwa. Ba ta da magani. Ta rauni take shiga: adda ta sari mai ciwo, ta ƙwarzani mai lafiya, shi ke nan. Haka ma idan aka ɗauki busasshen itacen aka ratsa gonaki da shi.

Irin gahawarsu daban ne da namu, amma malamin ya ce cutar tana da 'yar'uwa mai kama irin namu, kuma an daɗe da ganinta a yankinmu. Yana faɗa sai gabana ya faɗi. Na tuna bishiyoyin nan uku da suka bushe a gangaren gonar Baba, kusa da rafi. Kafin in taso na tambaye shi, ya ce tsufa ne, ya sako wata magana.

A ajinmu akwai ɗan Kwango, ya ce a garinsu yanzu rogo ake shukawa a inda gahawa take. Wani malami ɗan Brazil ya ce yana yaro sanyin safiya ɗaya ya ƙone gahawar jiharsu baki ɗaya, mutane suka kwashe ta suka yi arewa. Akwai ma wani tsibiri kusa da Indiya da aka san shi da gahawa a zamanin da, cuta ta cinye ta, yau shayi suke nomawa. Ita kuwa Vietnam, da ba a ko ambatonta, ita ce ta cika kasuwar duniya har farashi ya zube mana. Ashe gahawa tana ƙaura daga ƙasa. Ni da na tashi ina jin Baba yana cewa a dajinmu aka haife ta, ba ta da inda za ta.

Don Allah ki je gangaren nan ke kaɗai. Ki nemi wadda ganyenta ya nannaɗe ta gefe ɗaya, ki ɗaye ɓawon daga gindi. In kin gama ki sa wuƙar a wuta. Ki rubuto mini launin da kika gani.

Allah ya sa tsorona ya zama na banza.

Yayanki,
Nazif

*

Sombo, ta gidan wayar Agaro
25 ga Yuni, 2001

Yaya Nazif,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso shekaranjiya, sati uku ta yi a hanya. Muna lafiya. Baba ya ji gaisuwarka ya yi dariya, ya ce ka ci ayabarka a hankali kada ka dawo da wutsiya.

Na je, Yaya. Baƙi ne. Irin wanda ka faɗa ne, ba kuskure.

Na jira Baba ya tafi kasuwa na gangara. Ukun da ka sani ma babu su, an sare su, sai kututture da aka rufe da ganye. A kewayensu na samu bakwai da ganyensu ya lanƙwashe, 'ya'yansu sun yi ja tun lokaci bai yi ba. Na matse ɗaya, babu komai a ciki. Na ɗaye ta farko na ga baƙin, na ce ƙila inuwa ce. Na ɗaye ta biyu. Ta uku ban iya ba. Na zauna a ƙasa ina kallon sauran gonar, kore shar, har can sama inda tsofaffin bishiyoyin kakanmu suke, na ji kamar ina kallon mutumin da likita ya riga ya gaya mini abin da shi bai sani ba.

Akwai abu biyu da ba ka sani ba, kuma kowanne ya fi wani muni.

Na farko, busassun nan uku ni na kwashe su. Baba ya ce in ɗauka in yi girki. Kai uku na yi, na ratsa gonar Abba Bulgu maƙwabcinmu da su, na jibge su a bayan ɗakina, jikin sabon dashen Tamam. Da na gaya wa Tamam sai ya cinna wa tarin wuta a inda yake, ya tsaya har ya zama toka. Tun daga ranar duk safiya sai ya je ya tsuguna a gaban dashen nan yana jujjuya ganye.

Na biyu, saura kwana goma sha biyu gayyar sassabe. Ka san al'ada, da gonar Baba ake buɗewa saboda shi ne babba. Maza talatin da addunansu za su shiga su share ciyawar gindin kowace bishiya, ka kuma san yadda suke yi in waƙa ta ɗauke su, ba mai lura da abin da addarsa ta taɓa. Washegari su wuce gonar Abba Bulgu, jibi ta Tamam, haka har a zagaye Sombo duka.

Na ƙirga kwanakin da yatsu sau nawa. Ko yau ka samu takardar nan amsarka ba za ta riski ranar ba. Malamin gonar da aka turo mana an ɗauke shi tun bara, ba a kawo wani ba. Tamam ya ce shi suruki ne, bakinsa bai isa ya ce wa babanmu Abba Garo gonarsa ba ta da lafiya ba. Saura ni. Ni da ko tari na ji Baba ya yi sai in gyara mayafi.

Duk da haka ka rubuto. Ko ba ta iso da wuri ba, in san dai ba ni kaɗai na sani ba.

Ƙanwarka,
Misku

*

Mukono
16 ga Yuli, 2001

Misku,

Sallama da gaisuwa. Yau da rana na karɓi wasiƙarki, na duba kwanan wata na ga an yi gayyar tun kwana tara da suka wuce. Na fita daga aji ban nemi izini ba. Na je na yi ta neman layin Agaro ko zan samu wanda zai kai miki saƙo, layin bai shiga ba.

Ban san abin da zan ce ki yi ba, tunda ban san abin da ya faru ba. In an shiga, kowa ya gasa addarsa a wuta kafin ya taɓa wata gona. Bakwai ɗin nan, da duk waɗanda ke kewaye da su ko da suna da kyan gani, a tumɓuke su da saiwarsu a ƙone su a cikin raminsu. Kada a ja su ko taku ɗaya. Kada kuma kowa ya ɗebi tsiro ko ƙasa daga wajen.

Laifina ne. Na ga bishiyoyin nan da idona, Baba ya ce tsufa ne, na yarda don yarda ta fi sauƙi. Na ɗora miki kayan da ni na kasa ɗauka, ina daga nesa inda tsawarsa ba ta isowa. Ki yafe mini.

Ba za su sake ni ba sai Disamba. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Nazif

*

Sombo
9 ga Agusta, 2001

Yaya Nazif,

Ina gaishe ka da fatan alheri. Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Na ɗauki alƙalami ya fi sau biyar ina ajiyewa.

Ana saura kwana uku gayya na kai wa Baba gahawarsa da gishiri da man shanu yadda yake so, na bari ya sha kofi na biyu, sannan na gaya masa. Ban ɓoye cewa kai ka sa ni dubawa ba. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ce bishiya tana gajiya kamar mutum, kuma tun kakanninsa ba a taɓa jin wanda ya sa wa gahawa wuta tana da rai ba. Ya ce a yi gayya kamar kullum. Da na sake buɗe baki ya ce, "Misku, tafi gidan mijinki." Abin da ya fi ba ni tsoro, Yaya, bai tambaye ni wane irin baƙi na gani ba.

Ranar gayya da safe mata suna ta aikin abinci. Ni kuwa na cika kasko da garwashi na ɗauka na je na ajiye a bakin hanyar shiga gonar, na tsaya. Ban shirya abin da zan faɗa ba. Maza suka taho suna waƙa, Baba a gaba da sandarsa. Suka tsaya suna kallona. Abba Bulgu ya ce, "'Yar Abba Garo, masara za a gasa mana ne tun ba mu yi aikin ba?" Aka yi dariya.

Na ce musu gonar babana tana da cuta, duk addar da ta shiga za ta kai ta gida. Na fito da guntun ɓawon da na naɗe a ganyen ayaba na nuna musu. Na roƙe su in sun ƙi komawa, to su gasa addunansu kafin su fita.

Abba Bulgu ya ce ashe aji takwas ɗin da aka kai ni likitancin itace na karanto. Wani ya ce Nazif ya je ƙasar mutane ya ga mutuwarsu yana so ya rabo mana. Amma na lura ba wanda ya matso ya kalli ɓawon. Ko mutum ɗaya. Sai kau da kai suke yi kamar na ɗaga musu wani abin kunya.

Baba ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Wanda ya zo aikin Abba Garo ya shiga. Wanda ya zo sauraren mata ga hanya nan."

Tamam ne ya fara juyawa. Ka san shi da kunyar Baba, ko cin abinci ba ya yi a gabansa. Ya saɓa addarsa ya kama hanyar gida, kansa a ƙasa. Mutum goma sha shida suka bi shi, ɗaya bayan ɗaya. Sauran suka shiga da Baba. Na zauna a bakin kaskon nan wuni guda ina ƙara gawayi, ina jin ƙarar addunan, kowane sara kamar a jikina. Da yamma da suka fito, biyar suka sa addunansu a wutar suna yi kamar wasa suke. Abba Bulgu ya wuce ya tofar da yawu. Amma washegari ya aika cewa an ɗage gayyar gonarsa, wai cikinsa ke ciwo. Daga nan gayyar bana ta watse.

Yau wata guda Baba bai amsa gaisuwata ba. In na aika abinci ya dawo yadda yake. Mata a rafi suna cewa na tona wa ubana asiri a gaban maza, wasu kuma suna janye tulunsu daga kusa da nawa, sai ka ce a hannuna cutar take. Bakwai ɗin nan sun zama goma sha tara. A dashen Tamam guda biyu sun fara nannaɗe ganye, ya ƙone su bai bari na gani ba.

Baba ya rame ƙwarai. An ce kullum yana gangaren nan shi kaɗai a zaune. Ina tsoron cutar, Yaya, amma yanzu na fi tsoron abin da na yi masa.

Ƙanwarka,
Misku

*

Sombo
22 ga Agusta, 2001

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Abba Garo zuwa ga ɗansa Nazif. Gaisuwa da sa albarka. Allah ya yi maka jagora a ƙasar baƙunci, ya dawo da kai lafiya. Liman Shek Muzayyin ne yake rubuta mini, na kuma ɗaure shi da amana.

Bayan haka, na ji kai ne ka aiko ƙanwarka ta tsaya mini a ƙofar gona da wuta. Na yi fushi da ku duka biyu. Na zo wurin Shek da niyyar in sa a rubuta maka faɗa, ya tambaye ni ko ƙarya yarinyar ta yi, na kasa cewa ƙarya ce. Don haka ga abin da ban gaya wa kowa ba.

Baƙin nan na san shi. Shekara uku ke nan. Addata ta goge gindin wata bishiya na gan shi, na shafe shi da laka na tafi. Ba jahili ba ne ni, Nazif. Na ga yadda cutar take tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Nakan sare wadda ta mutu in rufe kututturen, in ce wa raina bana za ta tsaya.

Ba wutar nake tsoro ba. Ka san duk Sombo ba wanda yake sayen iri. Tun zamanin mahaifina, wanda zai yi sabuwar gona ni yake zo wa, in kai shi gangaren rafi inda tsiro ya fi fitowa, in cira masa da ƙasarsa in ba shi kyauta, in sa masa albarka. Da wannan ake girmama gidanmu, ba da dukiya ba. To, shekara ukun nan ban daina ba. Mutum zai zo da kwandonsa yana murna, in kasa ce masa a'a, don in na ce a'a zai tambayi dalili. Na zauna na tuna su ɗaya-ɗaya, gida ashirin da uku ne. Dashen Tamam ma daga hannuna ya fito. Yarinyar nan tana can tana cin kanta a kan itacen girki, alhali ni ne.

Ranar da ta ɗaga ɓawon nan a gaban jama'a, ba raini na gani ba, hisabi na gani. In na yarda da maganarta, na yarda ni na zuba wa garin nan guba da hannun da suke sumbata. Shi ya sa na shiga da mazan. Allah ya gani, ina jin saran addunansu ina ji kamar kabari ake haƙa mini.

Ba na iya cin abincinta saboda ba na iya kallon kwanon. Shekaruna saba'in da huɗu, ban taɓa jin tsoron ɗan Adam ba, yanzu ko yaro ya yi mini sallama sai in ɗauka ya zo tambayata ne.

Shek ya ce in tashi ranar Juma'a bayan salla in faɗa da bakina. Na ce masa to. Ban sani ba ko zan iya. Kafin takardar nan ta iso ka an riga an yi ko an fasa. In ka ji an kore mu daga sahun gaba, kada ka ga laifin kowa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Abba Garo

*

Sombo
3 ga Satumba, 2001

Yaya Nazif,

Gaisuwa mai yawa. A gurguje nake, mai motar Agaro yana jira.

Baba ya tashi a masallaci ranar waccan Juma'ar. Tamam ya ce ya riƙe ginshiƙin masallaci da hannu biyu, ya faɗi komai, ya kira sunayen gidajen ashirin da uku bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama sai Abba Bulgu ya miƙe. Tamam ya ce har ya gyara tsayuwa don ya zaci duka za a yi. Sai Abba Bulgu ya ce, "Zauna, Abba Garo, ƙafarka na ciwo. Tawa ta fara shekara biyar da suka wuce, kafin in karɓi tsironka. Da addata na zo maka gayya kowace shekara." Bayansa mutum shida suka tashi. Ashe kowa yana shafe nasa da laka, yana tsoron a ce daga gonarsa ta fito. Yanzu ba wanda ya san inda ta faro, ba kuma wanda zai taɓa sani.

Ranar Litinin aka fara da gonarmu. Baba ya aiko a kira ni, ya ce in zo da kaskona. Shi ya sa wa ta farko wuta. Gangaren duka ya tafi, da bishiya huɗu daga cikin na kakanmu. Kwana bakwai ke nan hayaƙi bai yanke a Sombo ba, kuma kullum ana samun sababbi. Ban san nawa za su rage ba.

Jiya ya ci abincina. Da ya wanke hannu ya ce in tambaye ka shekara nawa ƙasar za ta huta kafin a sake dasawa, shekara nawa kuma sabon dashe zai yi kafin mutum ya sha gahawarsa. Na ga yana ƙirga shekaru da yatsunsa a ƙarƙashin mayafi.

Ka rubuto gaskiyar a takarda daban, da sunana a kai. Ni na san yadda zan karanta masa.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Misku